Ranar da Na Ɗauki Sandar Haj Bashir

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a layin shan mai a tambaye ni, har wani abokina ya ce ya ji wai na kashe mutum a can da takardar tambayoyi. Ban kashe kowa ba, a iya sanina. Amma tun da magana ta fara fiffike, gara in rubuta yadda abin ya auku gwargwadon tunawata, inda na manta kuma zan ce na manta.

Kundin digirina na uku ne ya kai ni. Ina nazarin yadda mutanen karkara ke amfani da wayar salula, kuma sau biyu Farfesan da ke duba aikina yana dawo mini da babi na huɗu. A karo na biyu ya ce, "Nura, ka ƙirga wayoyi, ka ƙirga masu su. Mai shago ma zai iya wannan. Ina dalili?" Ra'in da na ɗora aikin a kai ni dai ina fassara shi da haƙiƙanci mai bin diddigi, ko da yake ban tabbata fassarar ta zauna ba. A taƙaice yana cewa al'amarin jama'a hawa uku ne: akwai abin da ido ya gani, akwai abin da ya faru ko an gani ko ba a gani ba, sannan can ƙasa akwai abin da ke haddasa su, wanda yana nan ko da bai motsa ba. Farfesa ya ce ni a hawa na farko na yi shimfiɗa na kwanta. Sashenmu na da 'yar yarjejeniya da wata jami'a a Khartoum, sai aka tura ni ƙauyukan Hausawan Jazira na mako uku. Wa'adin rajistata kuwa saura zango ɗaya. In babin ya sake dawowa, shekara huɗu sun tafi a banza.

Na tashi daga Kano da jaka biyu, ɗaya tufafi, ɗaya takardu. Kowace wasiƙa na yi mata kwafi goma, abin da matata ta kira ciwo. A filin jirgin Khartoum jami'in ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da Larabcina na Islamiyya na fara yi masa bayanin hawa uku. Ya saurare ni da haƙuri har na kai hawa na biyu, sannan ya rubuta kalma ɗaya, ɗalibi, ya buga hatimi, ya ce Allah ya ba da sa'a. Kwana biyu na yi ina rajistar baƙi da neman takardar izinin fita birni. A hanyar kudu kuwa duk shingen da muka tsaya sai an karɓi kwafi ɗaya an riƙe, har na iso da saura huɗu. Wannan na rubuta wa matata a saƙo, ba don gori ba.

Daga kasuwar Hajj Abdalla na hau bayan wata a-kori-kura da suke kira boksi, na zauna a kan buhun albasa tsakanin wata tsohuwa da tunkiyarta. Hanya ta bi gefen tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, gonakin auduga da dawa dama da hagu. Ƙauyen da na sauka ba zan faɗi sunansa ba, takardar da na sa wa hannu a sashe ta hana.

Mai masaukina Abdurrahim, malamin firamare ne, abokin karatun wani yayana. Da ya tarbe ni ya daki kafaɗata ta hagu, na ɗauka ƙura yake kaɗe mini har na yi godiya, ashe gaisuwa ce. Ya sauke ni a ɗakin baƙi na ƙofar gida, kan gadon igiya da suke kira angarib. Washegari aka kawo mini shayi da biskit biyu, shi ke nan. Ƙarfe takwas shiru, tara shiru. Na fara lissafin ko na yi wani laifi da ban sani ba. Sai wajen sha ɗaya ga tire kamar murfin rijiya: wake da man riɗi, da kisra, wata 'yar siririyar waina mai tsami da ake ci da miyar busasshiyar kuɓewa. Wai karin kumallo ke nan. Na ce a Zariya da wannan lokaci an fara tunanin abincin rana. Abdurrahim ya ce shi ya sa 'yan Najeriya ke da gaggawa.

Hausarsu ta tsofaffi irin ta kakata ce ta wajen uwa, 'yar Sakkwato, sai dai duk jimla uku ɗaya Larabci ce. Tsofaffi suka yi ta sa ni magana suna dariya, wai Hausata ta rediyo ce. Kakanninsu sun fito ne da niyyar Makka, wasu bayan Turawa sun ci Sakkwato, suka yada zango a nan, zangon ya zama gari. Wani dattijo ya tambaye ni ko har yanzu akwai wata tsamiya a bakin kasuwar wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Na ce ban tabbata ba. Ya ce tana nan, kakansa ya faɗa masa.

Cikin mako guda na cika takardu da dama, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Kusan kowane gida akwai waya. Amma tambaya ta goma sha huɗu tana cewa, in ɗanka na nesa zai kira gida, lambar wa yake da ita? Kowa sai ya ba ni biyu: tasa, da ta Haj Bashir. Shi Haj Bashir tsoho ne mai ciwon gwiwa, yana wuni a rumfar ƙofar gidansa. Wayarsa ƙarama mai tocila tana cikin 'yar jakar ƙyalle a aljihun jallabiyarsa. Bai iya kira ba, amsawa kawai ya iya. A shagon da ake cajin waya da janareta, in aka kawo tasa sai a zare ta kowa a sa, ba mai cewa uffan.

Na ce to, ga ƙofar hawan ƙasa. Na zauna na jera zato. Wataƙila a rumfarsa kaɗai ake samun shabaka, kamar yadda suke kiran sabis. Na zaga gari da wayata a sama kamar mai neman wata, na ga ko'ina akwai. Wataƙila rashin karatu ne. Ashe yawancinsu sun fi ni Larabci nesa ba kusa ba. Sai na koma ga zaton da ya fi burge ni, cewa Haj mai ƙarfi ne da ya mamaye hanyar labari don ya juya talakawa. Har na rubuta shafi uku a kan haka. Daga baya na gano hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa a tsarin noman rani, ta fi ta kowa ƙanƙanta, kuma akuyarsa ɗaya ce. Da na tambayi mutane kai tsaye, sai su ce haka muka saba, su ƙara mini shayi.

Ranar kwana na goma na je wurin Haj da kaina. Tufafina suna wurin wanki, sai Abdurrahim ya ara mini farar jallabiya ya naɗa mini rawani irin nasu. Muka yi hira da Haj ta kusan awa guda, duk abin da na tambaya game da waya sai ya ba ni labarin farashin albasa. Da na ce zan wuce gidan Hajja Asha, ita ce ta gaba a jerina, ya ce akwai kare a hanyar tur'a, in ɗauki sanda. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Ya kara a kunne, ya nuna mini kusurwar rumfa da haɓa, ya juya baya. A kusurwar akwai sandunan kiwo uku ko huɗu, duk sun yi datti. A sama da su kuma, rataye a ƙusa, wata baƙar sanda mai sheƙi da zoben azurfa a wuya. Na duba farar rigar mutane da ke jikina, na ɗauki mai tsabtar.

Tafiya nake a hankali, don takalmin ma na aro ne yana cizona, kaina a sunkuye ina bitar tambayoyi. Da na zo shagon caji mutanen da ke zaune suka miƙe tsaye. Na ɗaga musu hannu, ba wanda ya amsa. Suka biyo ni a baya shiru. Na ce a raina lallai karamcin mutanen nan ya wuce misali, har rakiya. Wani mai keke ya sauka ya shiga sahu. Mata biyu suka leƙo ta katanga, suka ja mayafi suka bi ta bayan gida. Na lura da duk wannan, har na yi niyyar rubuta shi a littafina ƙarƙashin al'adun tarbar baƙo.

Hajja Asha tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi sandar, ba ta dube ni ba. Ta ajiye rariya, ta zauna a ƙasa daɓas.

"Idrisu ne?" in ji ta.

Na san daga jerin gidaje cewa tana da ɗa Idrisu, direban babbar mota a hanyar Damazin. Na ji daɗi da ta kawo shi da kanta, domin da shi sashe na biyu na takardata ya fara. Na buɗe fayil, na gyara murya, na ce, "E, shi ne, Hajja. Yaushe rabonki da jin muryarsa?"

Ba zan iya kwatanta kukan da ya tashi ba, kuma ba na so. Mazan da ke bayana suka ɗaga hannu suna Fatiha. Mata suka cika gida kamar daga ƙasa suka tsiro. Ni kuwa ina tsaye da biro a hannu ina cewa ai ba dole ba ne ta amsa, takarda ta ba ta damar tsallake duk tambayar da ba ta so. Wani ya ruga makaranta ya kira Abdurrahim. Ya shigo da alli a hannu, ya dubi sandar, ya dube ni, ya ce, "Ya Ustaz, wa ya ba ka wannan?" Na ce kare ne. Ya fizge ta, ya zaro wayarsa ya kira Idrisu.

Idrisu ya ɗauka a bugu na biyu, baki cike da abinci, ana loda masa riɗi a wata kasuwa. Aka kara wa uwar a kunne. Ta ji shi, ta amsa masa, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Amma ba ta tashi daga ƙasa ba, matan ma ba su watse ba. Abdurrahim ya ce ai ga shi ta ji da kunnenta. Ta ce ta ji. Sanda ta shigo gidanta, sai mai sanda ya zo ya fitar da ita. Haka aka ɗora Haj Bashir a kan jaki da ciwon gwiwarsa. Ya sauka a ƙofa, ya karɓi sandarsa, tun daga zaure yake ɗaga murya: "Ya Asha, Idrisu lafiya lau yake. Wanga baƙo ne, bai sani ba." Sannan ta tashi ta kaɗe zaninta. Kiran da aka yi wa Haj ɗazu kuwa, surukinsa ne ke tambayar ranar da za a sako musu ruwan noma.

Da muka koma gida Abdurrahim ya bayyana mini. A garin ba a faɗa wa mutum rasuwar nasa a waya. Duk ɗan garin da ke nesa ya san haka. In abu ya faru, Haj ake kira, shi kuma ya ɗauki baƙar sanda ya taka da ƙafa. In gwiwa ta hana shi, ya ba wani dattijo sandar ya wakilce shi. Na ce kwana goma ina tambayar dalilin lambar nan, me ya sa bai faɗa mini ba? Ya yi mamaki ƙwarai.

"Kai maganar waya kake tambaya," in ji shi. "Wannan kuwa maganar mutuwa ce."

Kwana biyu ba wanda ya yarda ya zauna da ni. Ba a zage ni ba, ana amsa gaisuwata, amma duk gidan da na nufa da fayil sai a ce maigida ya tafi hawasha. Saura mako guda a takardar izinina, rabin takardun tambayoyina fari fat. Na kwanta a angarib da rana tsaka ina tsara yadda zan gaya wa Farfesa, da yadda zan gaya wa Baba, wanda ya riga ya fara kirana Dakta a gaban abokansa.

A rana ta uku Haj ya aiko in zo. Na yi ta ba da haƙuri har ya gaji ya ce in zauna. Ya ce laifin rabi nasa ne, da ya nuna da hannu ba da haɓa ba. Sandar ta mahaifinsa ce. A zamanin mahaifin, labarin yamma, wato ƙasar Hausa da suka baro, yakan zo ne a bakin mahajjata bayan wata shida ko shekara, shi ake fara samu, shi ke kai wa gida. Daga baya wasiƙa a hannun direbobi, daga baya kaset, daga baya wayar gidan waya a Hajj Abdalla, yanzu wannan ta aljihu. Kafin ya tashi sai ya aika a duba ko matar tana bakin wuta ko bakin tur'a, ko ta ci abinci, ko maƙwabtanta suna gida.

"Waya faɗa take ta kashe," ya ce. "In mutum ya faɗi, wa za ya tare shi?"

Ya tambaye ni wane irin karatu ne ke sa mutum ya bar ƙasarsu ya zo ƙirga wayar mutane. Na yi masa bayanin hawa uku, a tsorace. Ya saurara har ƙarshe, abin da jami'in filin jirgi bai yi ba. Sannan ya ce ai wannan kowane manomi ya sani. Ruwan da ka gani a hawasha ba nan aka buɗe shi ba, ƙofarsa na can nesa inda ba ka gani, kuma ran da tur'a ta bushe ƙofar ba ta tafi ko'ina ba. Na ce shekara biyu na yi ina karanta wannan. Ya ce malesh, wato ba komai, kowa da saurinsa.

Shi ya kai ni wurin Hajja Asha, yana kan jaki ina ƙasa, ba sanda a hannun kowa. Ta bar ni a durƙushe har ta gama soya gahawa ta daka ta zuba a ɗan tulun da suke kira jabana. Sannan ta ce, "Azara'ilu mai biro, taho ka sha." Hukuncinta shi ne, duk gidan da mace ta fito ta yi kuka a banza ranar nan, in je da ƙafata in ce ni ne na yi kuskure. Ba fayil, ba biro. Na nemi a bar ni da ɗan ƙaramin littafi. Ta ce ko allura.

Gida goma sha ɗaya ne, in ban yi kuskure ba. A kowanne sai an yi mini dariya tukuna, an sa na maimaita tambayar da na yi wa Hajja, sannan a kawo shayi mai sukari kamar na suna. Daga nan, ba tare da na tambaya ba, sai a fara. Wata ta ba ni labarin ranar da sandar ta shigo mata a kan mijinta, yadda Haj ya zauna ya sha ruwa tukuna har yayarta ta iso. Wani ya ce ƙanensa na Jidda ya san rasuwar babansu a can kwana guda kafin uwarsu, ya kira ta sau biyu a ranar yana tambayar lafiyar awaki, bai faɗa ba. Wata budurwa mai karatu a birnin Madani ta ce ita tana ganin abin ya kusa ƙarewa, bara wani ya ga rasuwar yayansa a saƙon da aka tura wa jama'a da yawa, yana tsaye a bakin ruwa, ya faɗa ciki, da ƙyar aka ciro shi. Kakarta ta ce shi ya sa ba zai ƙare ba. Suka yi ta musu, ni ina tsakiya da kofi. Kullum in na koma masauki sai in rubuta abin da na riƙe, ina taka-tsantsan don kada in ƙara ko in rage. Na koma na nemi izinin kowa kafin in sa a kundi, ba suna. Hajja ta ce in sa nata sunan in ina so, amma ban sa ba, wanda na rubuta nan ma ba shi ne na gaskiya ba.

Ran da zan tafi ta aiko mini da ƙullin gahawa da saƙo cewa in gaida mutanen yamma, in kuma daina ɗaukar abin da ba a miƙo mini ba. Haj ya sa aka adana lambata a wayarsa, ko da yake ba zai iya kiranta ba.

Na sake rubuta babi na huɗu cikin wata ɗaya. Na cire shafuka ukun nan na mamaye hanyar labari. Na rubuta cewa, bisa abin da na gani a ƙauye ɗaya cikin mako uku, kuma ba lallai ya zama haka a ko'ina ba, mai yiwuwa wata ƙa'ida da ta girmi waya ce ke tsara wa waya hanyar da za ta bi, kuma mutanen da suka gaje ta su ne ke riƙe ta ko sassauta ta. Farfesa ya ja layi a ƙarƙashin "mai yiwuwa" guda tara. Misalin tur'a kuma ya ce bai yi daidai da ra'in ɗari bisa ɗari ba, amma kada in kuskura in cire shi.

Amsarsa ta ƙarshe a saƙon waya ta zo mini, ina cikin motar haya: babi ya wuce, ka shirya kare kundi. Na karanta sau uku. Na nemo lambar Baba, har na ɗora yatsa, sai na mayar da wayar aljihu. Na je gida na sa farar riga da hula, na hau mota zuwa cikin birni, na sauka tun daga bakin kasuwa na ƙarasa da ƙafa. Tun daga zaure na ɗaga murya da sallama, yadda na ga Haj ya yi, don kada kowa ya tsorata.

Baba yana kan tabarma yana sauraron rediyo. Na durƙusa na faɗa masa. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka mai tsawo, ya share ido da gefen rawani. Sannan ya dube ni, ya dubi ƙurar da ke ƙafata.

"To amma Dakta," ya ce, "duk wannan rana. Ba ka da kati ne?"